Kwalbar Toshe Yoyo da Injin Zamani

A wannan wata za mu jingine maganar makaranta da jarrabawa, mu leƙa cikin injin mota. Kada wani ya ce malamin makaranta ya yi shisshigi. Duk wanda ya san zangonninmu, daga Nima da Sabon Zango a Akra har Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san da wuya ka wuce gida uku ba ka tarar da direba ko bakanike ko mai sayar da kayan gyaran mota ba. Yara da yawa da muke koyarwa, kuɗin littafinsu da na takalminsu daga bayan sitiyari yake fitowa. In inji ya buga a wani gida, mu a aji muke fara gani, domin sai yaro ya yi mako guda bai zo makaranta ba.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen wata 'yar kwalba ce da ta cika shagunan kayan mota a Abossey Okai da Suame Magazine, har da gidajen mai na kan hanya. An rubuta a jikinta cewa tana toshe yoyon ruwan inji ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba. Ka girgiza, ka juye a lagireto, ka tada mota, shi ke nan. Akwai sunayen da suka shahara a duniya, kamar Bar's Leaks na Amurka wanda ake yi tun 1947, da Radweld na kamfanin Holts a Ingila, da K-Seal. Akwai kuma waɗansu da ba a san inda suka fito ba. Direbobi da yawa suna rantsuwa da ita, kanikawa da yawa kuma suna tsine mata. Mu a ganinmu kwalbar tana da ranarta, amma ranar gajera ce, kuma irin motocin da muke hawa yanzu sun ƙara gajarta ta.

Bari mu fara da abin da muke koya wa yara a darasin kimiyya. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya taya. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, ragowar kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ta hanyoyin da ke cikin gangar inji da kan silinda, ya ɗebo zafi ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi, sa'an nan ya koma. To, ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, injin zamani kuwa yakan yi aiki tsakanin digiri 90 da 105. Me ya hana ruwan tafasa? Murfin lagireto ne, wannan da muke rainawa. Yana riƙe matsi a cikin hanyoyin ruwan, kwatankwacin rabin iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma da wannan matsin ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Watau 'yar kafar da ba ta fi tsinin allura ba, ba ruwa kaɗai take zubarwa ba, har da matsin. Shi ya sa za ka ga mota ba ta rasa ruwa mai yawa ba amma allurar zafi tana hawa da zarar an tsaya cikin cunkoso a Kaneshie ko hanyar Kasoa.

Abin da ke cikin kwalbar iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi yawa, ƙananan ɓarɓashi ne da zare-zare da ke yawo cikin ruwa. Waɗansu kamfanonin suna amfani da garin citta da niƙaƙƙen ɓawon 'ya'yan itace, waɗansu ƙurar jan ƙarfe ko ta alminiyam, waɗansu kuma zaren tangaran mai laushi ƙwarai. Ɓarɓashin yana bin ruwa duk inda ya nufa, in ya iso wurin da ruwan ke matsewa yana fita sai ya maƙale, wani ya hau kan wani, har kafar ta rufe. Wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar kwatar Nima da damina ya ga yadda leda da tarkace ke taruwa a inda hanyar ruwa ta tsuke, to ya fahimci aikin maganin nan sarai. Ya kuma fahimci aibinsa. Maganin ba shi da ido. Bai san wace kafa ce ta lalacewa, wace ce kuma masu ƙera motar suka yi da gangan ba. Duk inda hanya ta tsuke nan ne masaukinsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Iyayenmu da suka yi jigilar goro zuwa arewa a Bedford mai akwatin katako, da yayyenmu da suka ja tirotiro ƙirar Benz 207, sun fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, sun zuba masoro ko garin taba, kuma sau da yawa Allah ya kai su gida. Amma a tuna irin injin da suke da shi. Baƙin ƙarfe ne mai kauri wanda ke jure wuya, hanyoyin ruwansa masu faɗi, lagiretonsa na jan ƙarfe da tagulla wanda aka haɗa da dalma. In an iso gari sai a kai wa mai lagireto, ya narka dalmar ya ɗaga tankin, ya zura siririn ƙarfe ya yashe bututun ɗaya bayan ɗaya, ya liƙe kafar, ya mayar. Ƙwai ya fita, mota ta koma hanya.

Tun daga shekarun 1980 abin ya sauya. Lagireton da ke cikin Vitz da Corolla da Hyundai da Kia da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, cikinsa alminiyam ne mai siraran bututu, tankunansa kuma roba ce da aka danne da haƙoran ƙarfe a kan wani zoben roba. Ba abin da ake narkawa a buɗe ba ne kamar na da. Bugu da ƙari, ruwan ba lagireto kaɗai yake bi ba. A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto na ɗumama cikin mota, wanda aka yi domin sanyin Kanada da Jamus da Koriya. Mu ba ma kunna shi, amma a yawancin motocin ruwa yana ratsa shi kullum, kuma bututunsa sun fi na babban ƙanƙanta. Akwai abin sanyaya baƙin mai. Akwai siraran bututun da ke kai ruwa ga tabo. A motocin dizal irin Sprinter, wadda ta zama uwar tirotiro a yau, akwai abin sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, shi ma da ruwan yake aiki. Waɗansu motocin famfonsu na lantarki ne, masu haɗa fetur da batir irin Prius kuwa suna da wata hanyar ruwa dabam ta sanyaya kayan lantarkinsu. Ko'ina cikin waɗannan wuri ne da ɓarɓashi zai iya kwanciya, musamman in dama akwai tsatsa da ta riga ta rage faɗin hanyar.

Abin tsoron kuma shi ne kan silinda. A motocin yanzu kusan duk na alminiyam ne, shi kuwa ba shi da haƙurin baƙin ƙarfe. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gasket ɗin da ke ƙarƙashinsa, wanda kanikawa ke kira tof-gasket, ya ƙone. Daga nan sai kwance inji, a kai kan wurin masu injin fiƙe ƙarfe su daidaita fuskarsa, in bai tsage ba ke nan. Mutumin da ya guje wa kuɗin tiyo ɗaya sai ya wayi gari yana neman bashin gyaran inji. Garin neman gira an rasa ido.

Mun ambaci tiyo da gangan, domin yawancin yoyon da ake saya wa kwalbar ba nata ba ne. Tiyon da ya tsufa ya fashe, ko maɗaurinsa ya saki, ba ya jin wannan magani. Tankin robar da ya tsage shi ma haka, domin roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, duk abin da ya liƙe tsagar yau gobe zai saki. Famfon da ke ɗiga ta gindinsa, abin da ya ci shi ne hatimin da ke kewaye da ƙarfen da ke juyawa, ba kuwa yadda za a yi ɓarɓashi ya zauna a kan abin da ke juyawa. Wani lokacin ma babu kafa ko ɗaya, murfin ne ya gaji yake sakin ruwa. Inda maganin ke da ƙarfi shi ne 'yar kafa a cikin alminiyam ɗin lagireto, ko tsattsafin da ke jiƙa gefen gasket daga waje ba tare da ya zama ɗigo ba.

Adalci ya sa mu faɗi cewa su kansu masu ƙera motoci sun yi amfani da shi. Kamfanin General Motors na Amurka ya daɗe yana jefa waɗansu ƙwayoyi na garin citta da ɓawon almon a ruwan waɗansu injinansa tun daga masana'anta. A 2004 kuma kamfanin Subaru ya umarci dillalansa a Amurka su zuba wani irin nasa a waɗansu motoci masu injin lita 2.5 da gasket ɗinsu ke tsattsafo ruwa ta waje. Masu sayar da kwalba suna son wannan labari. Sai dai a lura, waɗannan kamfanoni sun auna adadin, sun gwada a kan injin da suka ƙera da hannunsu, kuma domin tsattsafi suka yi. Mu kuwa halinmu da kwalbar nan irin halinmu ne da maganin ciwon kai: in ɗaya bai ji ba a ƙara biyu. Kwalbar da aka yi domin babbar mota sai a juye ta duka a Picanto, bayan mako biyu a ƙara wata ta wani kamfanin dabam.

Iri na biyu shi ne wanda ake cewa yana gyara tof-gasket, kuma ya fi tsada. Yawancinsa wani sinadari ne da ake kira sodiyam silikat, waɗansu na ce masa ruwan gilashi. Yana nan ruwa-ruwa har sai ya gamu da zafi mai ƙarfi a bakin tsagar, ruwan jikinsa ya ƙafe, ya daskare kamar kwalba. In tsagar ƙarama ce yakan riƙe na makonni ko watanni. Amma matsin da ke cikin silinda lokacin da mai ke ƙonewa ya ninka na hanyar ruwa sau gommai, kuma in kan ya riga ya lanƙwashe babu ruwan da zai miƙe shi. Da yawa daga cikin irin wannan ma sai an zubar da ruwan sanyaya injin an wanke kafin a sa su, domin ba sa jituwa, abin da ba kowa ke karantawa a bayan kwalbar ba. Ga kuma wani abin lura. A 2009 gwamnatin Amurka ta yi wani shiri na karɓar tsofaffin motoci masu shan mai domin mutane su sayi sababbi, aka karɓi kusan 700,000. Don kada a sake sayar da injinan, sai aka wajabta wa dillalai su zubar da baƙin mai, su zuba wannan sodiyam silikat ɗin a madadinsa, su tada mota har injin ya ƙame. Cikin 'yan mintoci yake gamawa. To, in gasket ɗin motarka ya ƙone ta inda ruwa ke shiga cikin baƙin mai, ka san hanyar da abin da ka zuba zai bi.

Duk da haka ba za mu ce a jefar da kwalbar ba. Wata shekara mu malamai mun yi hayar bas daga Kumasi zuwa Tamale domin ta'aziyyar mahaifin wani abokin aikinmu. Mun wuce Kintampo, ba mu kai Buipe ba, magariba ta yi, sai direba ya gangara gefen titi ya kashe mota. Tsakuwa ce ta huda lagireto. Bai taɓa murfin ba sai da muka yi salla muka zauna inji ya huce, domin buɗe shi da zafi kan watsa wa mutum tafasasshen ruwa a fuska. Ya haska tocila ya ga wurin da idonsa, 'yar kafa ce ɗaya. Ya auna maganin bisa abin da aka rubuta, ya cika ruwa, ya bar motar tana aiki a tsaye na ɗan lokaci, ɗigon ya tsaya. Muka ci gaba a hankali, idonsa a kan allura. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Direba, ashe ka huta da zuwa gareji." Sai ya ce, "Haba Malam, wannan ai filasta ce, ɗinkin yana Magazine." Da muka dawo kuwa ya sauya lagireton, ya sa aka wanke hanyoyin ruwan. Wannan ita ce ranar kwalbar: dare, daji, fasinja a mota, kafa ƙarama da aka gani da ido. Mai ɗauko albasa daga Galmi ya ratso Burkina ya shigo ta Bawku, ba wanda zai ga laifinsa in ya ajiye guda a ƙarƙashin kujera.

Inda abin ya fi damunmu shi ne ciniki. Maganin yana ɓoye ciwo, kuma akwai waɗanda domin wannan kaɗai suke sayensa. Wani maƙwabcinmu, uban yara biyu da ke makarantarmu, ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya haɗa da rance, ya sayi tasi a hannun wani ɗan unguwa da suke sahu ɗaya a masallaci. Ya zagaya da ita, allura ba ta motsa ba, ƙasa ba ɗigo. Mako uku ba su cika ba sai farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi ya soma fita ta salansa da safe, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Da masta ya buɗe, sai ya kira shi ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Abin da ke kwance cikin hanyoyin ruwan kamar kokon da ya kwana. An kai magana gaban liman da dattawan unguwa. Mai sayarwa ya ce shi bai ce sabuwa ba ce, kuma ai an gwada an gani. Liman ya tuna masa abin da malaman fiƙihu suka karantar da mu tun muna yara, cewa wanda ya san aibi a hajarsa wajibi ne ya bayyana, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in an ɓoye masa. An daidaita a kan raba kuɗin gyara. Mu dai ba mu ga daidaito a ciki ba, domin motar ta yi wata guda a gareji, rance yana tafiya, kuma har yau gidajen biyu gaisuwarsu ta baki ce kawai.

Saboda haka wanda zai sayi mota ya je da safe, ya tarar da injin da sanyinsa, ya buɗe murfin ya duba bayansa da gindin tankin ruwa. Ɓarɓashi mai ƙyalli ko dusa-dusa mai ruwan ƙasa alama ce. Ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko akwai abu kamar madarar da aka dama da shayi. A tada motar ya duba ko kumfa na tasowa cikin tankin ba ƙaƙƙautawa. Ya kunna abin ɗumama ɗaki ko da zafin Maris ake yi, in inji ya ɗau zafi amma iska mai ɗumi ba ta fito ba, to ko ya toshe ko an yanke tiyonsa an zagaye shi, kuma ya kamata a ji dalili. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto a ga ko matsi na sauka, akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ke komawa ɗorawa in hayaƙin fetur yana shiga ruwan inji. Kanikawanmu da ba su mallaki waɗannan ba, muna roƙonsu su nema, ba su kai kuɗin babbar waya ba. Mai motar da ya zuba magani kuma ya gaya wa masta gaskiya tun kafin a ɗaga bonet, don ya san inda zai nema.

Amma me ke huda lagireton tun farko? In ka cire tsakuwa da haɗari, yawanci ruwan da muke zubawa ne. Mun saba cewa ruwan sanyaya inji mai launi na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan ba mu da ƙanƙara, sai mu fasa fiya-wata biyu ko mu ɗebo na rijiyar burtsatse. Hana daskarewa rabin aikinsa ne kawai. A cikinsa akwai sinadaran da ke hana tsatsa da cin alminiyam, kuma yana ɗaga matakin tafasa. Ruwan rijiya kuwa yana barin farin dutse irin wanda muke gani a gindin butar shayi, ya toshe bututu, tsatsa ta ci ƙarfe daga ciki har ta ɓullo waje. Wanda ba a gauraya ba ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, irin na batir wanda ba asid a ciki. Tsohon nau'in, wanda aka fi sani da kore, ana sauya shi duk shekara biyu. Sababbin, irin Dex-Cool da General Motors ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990 da mai ruwan hoda na Toyota, sun fi daɗewa, na Toyota ɗin yakan kai kilomita 160,000 kafin sauyin farko. Launin rini ne kawai, kada a dogara da shi, a duba abin da littafin motar ya ce, kuma kada a cakuɗa iri da iri. Haka nan al'adar cire tamostat da zarar mota ta sauka daga jirgi, wai don nan ƙasar zafi ce, ba ta maganin yoyo ko toshewa. Injin zamani kwamfuta ce ke auna masa mai bisa zafinsa, in ya daɗe bai ɗumama ba sai ya ƙara sha.

In an tashi wanke hanyoyin ruwan don fitar da maganin, a tare abin da ya fito a bokiti, kada a sake shi a ƙasa. Ruwan sanyaya inji ana yin yawancinsa da sinadarin etilin gilaikol, yana da zaƙi a baki kuma guba ne, kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙoda. Garejojinmu a tsakiyar gidaje suke, awaki da kyanwoyi suna yawo, gab da babbar salla har raguna ake ɗaurewa a gindin tsofaffin motoci. Mun kuma sha ganin ragowarsa, ja ko kore, an ɗura a robar lemo an ajiye a bayan ƙofa inda hannun yaro ke kaiwa. In yaro ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada kuma a ce ai ga shi yana wasa, domin ɓarnar takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da robar don likita ya ga abin da ya sha.